Ba Ka Yi Mani Komi Ba

A wajenmu duk wanda Allah ya kira aikin Hajji, kafin ya ɗaure jaka sai ya bi gida gida yana neman gafara. Zai tsaya a zaure ya yi sallama, ya ce tafiya ta kama shi, in akwai abin da ya yi wa mutane a yafe masa. Amsar kuwa guda ɗaya ce tun kakanninmu, a ce masa bai yi komai ba, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ko jiya akuyarsa ta cinye maka shuka, ko shi ya shiga tsakaninka da matarka, haka za ka ce. Ba mai ɗaukar maganar a bakin gaskiya, kamar dai yadda majinyaci ke cewa "lafiya lau" kuma ba wanda ke cewa a sallame shi daga asibiti. Na ce ba mai ɗauka, amma wannan kafin in ga 'yan majalisa a bakin aikinsu ne.

Ni ce Tani, yayar Murja, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni aure ya kawo ni Kankiya, ita ya kai ta Ƙofa, can ƙasar Kusada. Mijinta Bube ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Zahra, da gona mai kyau a bakin fadama. 'Yan uwansa suka ce gonar tasu ce, aro suka ba shi. Murja ba ta da hayaniya amma tana da taurin kai, sai ta kai ƙara, ƙarar ta yi ta yawo har ta faɗo wata kotu da Alƙali Abdulrauf ke zama a nan garinmu.

Mutum ne mai sanyin murya, in yana yanke hukunci sai ka ce jariri yake lallashi. Carbi ba ya barin hannunsa, kuma ƙamshin turarensa kan riga shi shiga ɗaki. Ya yi ta ɗage shari'ar, har ran nan ya aika a ce wa Murja ta same shi ofis bayan azahar, akwai bayanin da zai yi mata. Da ta shiga ya aiki tsohon masinjansa sayen goro, ya tura ƙofa. Ya gaya mata gonar tana hannunta in ta ga dama, ya kuma gaya mata abin da yake so a madadinta, bai ɓoye ba. Ta miƙe za ta fita ya riƙe mayafinta. Ta bar masa shi a hannu ta fito a guje, daga ita sai ɗan kwali, ta ratsa masu shayi da 'yan acaɓa har cikin ɗakina. Ni na ba ta ruwa ta sha.

Da ta yi shiru da ta tsira da sunanta, ko da gona ta tafi. Amma ta faɗa. Ta gaya wa Kawu Dawuda, ƙanin mahaifinmu, ta gaya wa mai unguwa, ta gaya wa duk wanda ya tambaye ta ina mayafinta. A zama na gaba gona ta koma hannun 'yan uwan Bube, mutanen Ƙofa kuma suka zauna suka auna, ga malami mai carbi, ga bazawara da aka gani tana gudu a titi kai ba lulluɓi. Tun daga ranar ta zama Murja mai sharri. Awarar da take soyawa a zaure ta zama awarar mai sharri, Zahra a makaranta ta zama 'yar mai sharri. Gonar ta daɗe da fita ran Murja. Sunan ne ya hana ta barci, shi kaɗai take so a cire mata.

Bayan shekara biyu Alƙali Abdulrauf ya sami kujerar Makka. Da damina ce, hanyar Ƙofa duk taɓo, amma sai ga motarsa a ƙofar gidan Murja. Ya biya ya ɗauko Kawu Dawuda da mai unguwa, maƙwabta suka cika bakin zaure, ya tsaya ya sunkuyar da kai ya ce zai tafi ɗakin Allah, in akwai abin da ya yi mata ta yafe masa. Murja tana bayan ƙyaure ta yi shiru. Kawu ya yi gyaran murya, ta yi shiru. Ya sake, mai unguwa ya taya shi, wata tsohuwa daga waje ta ce ai ba a tauye mai tafiya Makka. Daga ƙarshe ta faɗi abin da kowa ke faɗa, aka shafa fatiha aka watse. Ta yi kuka ranar, amma da na je muka zauna sai muka ɗauki abin a matsayin ɗan sanyi. Ko ba komai shi dai ya san abin da ya yi.

Shekaru suka shuɗe, Zahra ta zama budurwa, sai muka ji a rediyo an miƙa sunansa majalisa za a ɗaga shi zuwa babbar kujera a kotun ɗaukaka ƙara. Aka ce kwamitin da ke tantancewa zai zo ya zauna a Kankiya, tunda a nan ya fi daɗewa yana aiki, duk mai magana ya zo ya faɗa. Ba mu yi niyyar zuwa ba. Onarabul Bishir ne, ɗan majalisa daga jam'iyyar adawa kuma ɗaya daga cikin 'yan kwamitin, ya wanke ƙafa har Ƙofa, ya zauna kan tabarmar Murja da babbar rigarsa, ya ci awara ya yaba. Ya ce labarinta ya hana shi cin abinci, ko da yake faranti biyu ya tashi da su. Ya rantse in yana numfashi sai an wanke ta a gaban duniya. Da ya ji labarin zuwan neman gafara har tsalle ya yi a zaune, ya ce wannan ita ce hujjar da ba ta da magani, a kawo masa Kawu Dawuda kawai.

Ranar zaman ɗakin taro ya cika maƙil. An jera kujerun roba na haya, an lulluɓe dogon tebur da farin ƙyalle, an dasa ruwan gora da lemo a gaban kowane ɗan kwamiti. Duk maza ne, riguna sun sha sitati. Da yake sun lura ba mace a cikinsu, sai suka aro Hajiya Turai, shugabar matan jam'iyya mai mulki, suka zaunar da ita kusa da Murja don ta kwantar mata da hankali. Daga baya na gane aikinta, duk sanda muryar Murja ta ɗan tashi sai ta danna mata gwiwa.

Shugaban kwamitin, Onarabul Sada, shi ya buɗe taro. Ya ce majalisa ba za ta lamunci cin zarafin mata ba ko daga wane ne, domin mata iyayenmu ne, shi kansa yana da 'ya'ya mata. Na kusa da shi ya karɓa ya ce shi ma yana da su, har da jikoki. Haka suka bi layi, kowa ya kawo uwarsa da 'ya'yansa ya baje a kan tebur, wani har da kakarsa da ta rene shi. Ban taɓa sanin 'yan majalisa Allah ya azurta su da 'ya'ya mata haka ba. Kafin na ƙarshe ya gama hantsi ya yi nisa, sai shugaba ya duba agogo ya roƙi Murja ta taƙaita saboda lokaci.

Ta fara tiryan tiryan, murya ba rawa. Tana kaiwa wurin da aka tura ƙofa Onarabul Sada ya ƙwanƙwasa tebur, ya ce a tuna akwai manya da malamai a ɗakin, a sakaya. Murja ta sakaya, ta ce ya nemi abin da bai dace ba. Tana rufe baki wani ɗan kwamiti mai tabarau ya ce shi fa bai ji an ambaci wani laifi takamaimai ba, abin da bai dace ba ai yana da yawa, ko cin goro a ofis bai dace ba. Aka yi dariya, har da wasu matan da ke bayana.

Daga nan tambayoyi suka ɓarke. Me ya sa ta shiga ofishin namiji ba muharrami. Mayafin wane launi ne, mai kauri ne ko shara-shara. Wa ya biya mata kuɗin mota daga Ƙofa. Ko tana da katin wata jam'iyya. Wani ya tambaya ko a lokacin tana neman miji, aka ce ya janye, ya janye, amma kowa ya riga ya ji. Mai tabarau ya dawo ya ce abin da ke ɗaure masa kai shi ne yadda ta yi shiru duk shekarun nan sai yau da mutum zai sami ɗaukaka.

"Ban yi shiru ba, ranka shi daɗe," in ji Murja. "Hwaɗin da na yi ne ya sa ake ce mani mai sharri."

Hajiya Turai ta danna mata gwiwa.

Sai Onarabul Bishir ya miƙe. Gaskiya ranar da safe ya burge ni. Ya bugi tebur har goran ruwa ya faɗi, ya ce a kira shaida. Aka sa Kawu Dawuda ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani, tsohon da bai taɓa magana a lasifika ba. Ya ba da labarin motar da ta zo cikin taɓo, da sunkuyar da kai, da neman gafara, bai rage ba bai ƙara ba. Onarabul Bishir ya juyo ya fuskanci jama'a ya tambaya wane alƙali ne zai taso daga Kankiya da damina ya tsaya a zauren matar da ta yi masa ƙazafi yana roƙonta, in ba ya san abin da ya shuka ba. Ɗaki ya ɗauki guna-guni. Na ga wani mutumin Ƙofa da ya fi kowa kiran sunan nan ya yi ƙasa da kai. Wallahi a lokacin zuciyata ta yi fari, na kamo hannun Zahra na matse.

Onarabul Sada bai ɗaga murya ba. Ya kurɓi ruwa, ya gyara hula, ya dubi Kawu da fara'a.

"Malam Dawuda, da ya nemi gafarar, mi ta ce mashi?"

Kawu ya dubi ƙasa. "Abin da ake cewa ta ce, ranka shi daɗe."

"Mi ake cewa? Ka tuna ka dafa Alƙur'ani."

Kawu ya dube ni, ya dubi Murja. "Ta ce, ba ka yi mani komi ba, Allah shi yahe mamu baki ɗaya."

"Da bakinta?"

"Da bakinta."

"Sakatare, rubuta."

Kawu ya buɗe baki zai yi bayanin cewa shi ya matsa mata, kuma ai haka ake cewa ko ga wanda ya kashe maka uba, amma an riga an janye lasifikar daga gabansa, ladan kuma ya kira azahar. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba mutum ɗaya a ɗakin nan da bai san al'adar ba. Kowannensu ya taɓa faɗin maganar nan ga wanda ba ya ko son gani. Shi kansa Onarabul Sada ya je Makka ba sau ɗaya ba, kuma mutanen da yaransa suka fasa wa kai lokacin zaɓe sun tsaya a zaurukansu sun ce masa bai yi musu komai ba. Amma ranar duk suka zama baƙi, suka yi ta jinjina kai kamar yau suka fara jin Hausa.

Aka tafi salla da cin shinkafa. Ina tsaye a inuwar wata bishiya na ga Onarabul Bishir ya shiga motar shugaba, mai baƙin gilashi, aka rufe. Sun jima a ciki. Da aka dawo zama sai na ga mutumin da ya kayar da goran ruwa da safe ya koma yana gyara wa na kusa da shi kujera. Ya ce shi dama gaskiya yake nema, kuma tunda gaskiya ta fito daga bakin shaidar da shi da kansa ya kawo, ba shi da ta cewa. Ba a yi wata guda ba muka ji an samo masa kujerar Makka, shi da uwargidansa.

Sannan aka shigo da Alƙali Abdulrauf. Gemu ya yi fari, carbin ya ƙara tsawo, turaren dai shi ne. 'Yan kwamiti suka miƙe tsaye, waɗanda suka zo tantance shi. Da aka ba shi dama ya ce a gaskiya bai tuna fuskar baiwar Allahn nan ba, shari'un da ya yi suna da yawa. Zuwa Ƙofa kuwa, a shekarar gidaje da dama ya bi, na waɗanda ya ba gaskiya da na waɗanda bai ba ba, don alƙali bai san inda ya zalunci wani ba da saninsa ba. Ya ce duk abin da ta faɗa a kansa, shi ya yafe mata duniya da lahira.

Kabbara ta tashi. Mai tabarau ya cire tabaransa ya goge ido, ya ce irin wannan tawali'u sai a littattafai. Wani ya ce mutumin da zai shiga taɓo don neman gafarar wadda ta zage shi, ai kujerar ma ta yi masa kaɗan. Ba wanda ya tambaye shi ina mayafin, ko me ya sa ya aiki masinja, ko masinjan yana raye. Onarabul Bishir ne ya kawo shawarar kada a wahalar da dattijo da tambayoyi, ya rusuna kawai ya wuce, aka amince baki ɗaya. Hajiya Turai ta rungumo Murja tana ce mata ta gode wa Allah, ga shi an yafe mata a gaban jama'a, ba kowa ke samun haka ba.

Da an tashi a nan da shi ke nan. Amma Onarabul Sada ɗan gari ne, ya san ba a watse taro ba a nemi gafara ba. Ya gode wa kowa, ya yaba wa Murja bisa ƙarfin halinta, ya ce ta zama abin koyi ga mata. Sannan ya sassauta murya.

"Malama Murja, mu 'yan Adam ne, ajizai. In akwai abin da muka yi maki a zaman ga, ki yahe mamu."

Hajiya Turai ta karɓo lasifika ta kara mata a baki. Mutane sun fara laluben takalma, wasu sun ɗaga hannu suna jiran a shafa, kowa ya san abin da za ta ce.

"Kun yi mani," in ji Murja.

Ana jiyo ƙarar janareta daga waje. Hajiya Turai ta danna gwiwa, ta sake dannawa, Murja ta ɗauke mata hannu a hankali ta ajiye mata shi a cinyarta.

"Kun yi mani, ranka shi daɗe. Shi ma ya yi mani. Sakatare, rubuta."

Sakatare ya riga ya rufe biro ya sa a aljihu. Ya dubi shugaba, shugaba ya dubi limamin da aka gayyato, liman ya ɗaga hannu ya ja addu'a da sauri. Kafin a shafa wani ya kashe janareta.

Da yamma rediyo ya ce kwamiti ya yi bincike mai zurfi ya gano zargin ba shi da tushe, domin mai ƙorafin da bakinta ta wanke Mai Shari'a a gaban shaidu tun shekarun baya. Aka rantsar da shi. Sunan da Murja ta je a cire mata ya dawo da ita gida, yanzu har da hatimin hukuma. Na yi baƙin ciki kamar in mutu, na kwana biyu ba na iya haɗa ido da Kawu Dawuda, ko da yake shi ma tsohon bai sake cin abincin kirki ba har ya kwanta ciwo.

Da lokacin tafiyar alhazai ya matso na je Ƙofa duba Murja. Ina zaune a zaurenta tana suyar awara sai ga jerin motoci, Onarabul Bishir ne ya zo sallama da neman gafarar jama'arsa. Ya bi gida gida, ana ta ce masa bai yi komai ba. Ya shiga gidan da ke damanmu ya fito, ya tsallaka ya shiga na hagu ya fito. Da ya zo daidai ƙofarmu sai wayarsa ta zama abin kallo, ya dunƙufar da kai a kanta ya wuce, 'yan rakiya suka bi shi kowa na duban gabansa.

Murja ta ce mini ba shi ne na farko ba. A shekarar mutum uku za su tafi daga unguwarsu, ciki har da matar da ta fara laƙaba mata sunan, kuma duk sun zagaye gari kaf, har gidan mahaukacin bakin kasuwa sun shiga, amma ba wanda ya tako zaurenta. A bayan ido suna nan suna ce mata mai sharri. Ni kam na fara zage-zage, na ce marasa kunya, matsorata, ina ma su shigo su ji.

Ita ba ta taya ni ba. Ta juya awararta, ta tsame wadda ta soyu, ta bi motocin da kallo har suka sha kwana.

"Bar su, Yaya," ta ce. "Shekara nawa ina neman wanda zai yarda da ni. Ga su nan suna wucewa."